Shekarar da Na Ɗora Ruwa a Pantai Dalam

Hannatu, ke da ƙaninki Yakubu, wannan babin naku ne. Na san abin da ake faɗa a kaina a gida, na kuma san bakin da ya fara faɗa. Wai Saratu ta bar mijinta yana jinya ta zauna a ƙasar waje tana yi wa 'yar wasu bauta, har aka binne shi ba ta nan. Rabin maganar gaskiya ne, an binne ubanku ba na nan. Sauran rabin shi zan rubuta yanzu da hannuna, a kan teburin cin abinci, a can saman bene a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur, inda jirgin ƙasa ke wucewa ta ƙarƙashin taga. Ba gafara na zo nema ba. In kun gama karantawa kuna da ikon ci gaba da fushinku, amma ku yi shi kuna sane da abin da ya faru.

Dole in fara da wata kalma, don in ba ita ba za ku gane sauran ba. Kun san ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na yaye Yakubu, furfura ta fara leƙowa, na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan zumunta a bayan coci, don na gaji da miƙa wa yara takarda su karanta mini suna dariya. Da bakina ya fara kama karatu, kullum da yamma nakan zauna a tabarma in yi ta yi da ƙarfi, ubanku yana gefe yana fama da kekensa. Shi ya yi makarantar masu bishara, ya tsinto 'yan kalmomin Ibrananci a can, yana ji da su kamar kayan gado. Wata rana na kai kan wata waƙar yabo da ke maimaita magana ɗaya a ƙarshen kowane layi, na karanta har na ƙosa.

"Malam, wanda ya rubuta wannan ba shi da wata magana ne? Layi ɗaya madawwamiyar ƙauna, layi biyu madawwamiyar ƙauna. Ko tawada ce ta yi masa yawa?"

Ya ajiye sifana ya yi dariya. "A harshen da aka fara rubuta ta kalma ɗaya ce tak. Hesed."

Daga can cikin maƙogwaro ya fito da ita, kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale masa.

"Sha ruwa tukuna," na ce.

"Tsaya ki ji mana. Masu juya ta zuwa Hausa sun sha wuya da ita. Wani wuri su ce ƙauna, wani wuri jinƙai, wani wuri alheri, wani wuri aminci. Kowa ya kama gefe ɗaya ya bar sauran a ƙasa."

"To mece ce ita ɗin?"

"So yakan zo ya tafi, kin sani. Tausayi kuwa ko baƙon hanya kina iya yi masa ki wuce abinki. Wannan sai an ƙulla alkawari tukuna. Sa'an nan ɗayan ya karya nasa, ko ya faɗi, ko ya zama ba shi da abin da zai ba ka. Ga ƙofa a buɗe, in ka fita ba mai zarginka. Amma ka zauna. Ba zaman ɗaure fuska ba, zaman da hannu ke aiki. Haka Allah yake da mutanensa, shi ya sa mai waƙar ya kasa daina faɗa."

"Riƙon amana ke nan. Ka faɗa da Hausa ka huta da kaki."

"Kin kusa. Sai dai mai riƙon amana yana jiran ranar da mai kaya zai zo ya karɓi kayansa shi ya huta. Wannan ba ya jiran ranar hutu."

Na ce masa surutu ne na 'yan makaranta, na ci gaba da karatuna. Amma tun daga ranar, in na kai masa tuwo bayan mun yi faɗa, na dangwarar da kwanon ina hararar bango, sai ya yi wannan kakin nasa ya faɗi kalmar, ni kuma in ce ya sha ruwa.

Kun tuna ranar da aka kawo Rifkatu, matar yayanku. Marainiya ce, gwaggonta ce ta riƙo hannunta ta sa a nawa a gaban mata cike da tsakar gida, ta ce ga amana, ba ta da uwa. Na ce na karɓa, daga yau ba suruka ba ce, 'ya ce. Ba zan yi muku ƙarya ba, yadda ake faɗa a kowane biki haka na faɗa, ina tunanin shinkafar da ke kan wuta. Shi kuwa yayanku, kun san ɗan fari ne, kun kuma san ban taɓa kiran sunansa ba. Haka aka yi mu. Mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kakarsa ce mai wannan. Kai, wannan, yaron nan, da haka na raine shi har ya yi gemu, kamar yadda uwata ta raini yayata.

Su biyun suka sami karatu a nan Kuala Lumpur, shi digiri na uku, ita na biyu. Da cikinta ya tsufa, maganar wanka ta taso. Haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego, ita kuwa ba gida ba uwa, ga teku a tsakani. Ubanku ne ya ce in je. A lokacin ciwon suga ya riga ya kama shi, ƙafar dama tana kumbura tana sacewa, amma yana zuwa coci da kansa. Na ƙulla kanwa da garin gero da yaji a ƙasan akwati na hau jirgi karo na farko a rayuwata, ina riƙe da hannun kujera har muka sauka.

Abin da na tarar ba gidan haihuwa ba ne. Aiki aka yi mata aka ciro yarinya, an sallamo su, amma gidan tsit kamar an yi rasuwa. Yayanku ya fita tun safe, ya dawo da abinci a leda daga wurin mamak, Indiyawan nan masu shayi da shinkafa a ƙasan bene, ya ajiye ya ce ga tapau, wato abincin da aka ƙunso, ya shige ɗaki da wayarsa. Rifkatu kuwa, yarinyar da na sani da surutu kamar rediyo, ta zama gunki. In an sa mata jaririya a nono ta riƙe, in an ɗauke ba ta bi ta da ido. Na ce a raina zafin aiki ne, ruwa zai sassauta ta. Amma ina zan sami darbejiya a garin da itatuwansa duk ban san sunansu ba? Hajiya Binta ce ta fitar da ni, matar wani malamin jami'a daga Kano, suna hawa na ƙasa da namu. A lif muka haɗu, ta ji ina yi wa maɓallan tsawa da Hausa.

"Lah, Mama, 'yar gida ce ashe! Darbejiya? No problem, akwai shi. Indiyawa masu sayar da furanni suna da shi a kedai ɗinsu, shagonsu ke nan. Ki nuna kawai ki ce boleh, wato zai yiwu, za su ƙunsa miki."

"Su ma jego suke da shi?"

"Wa ya sani, Mama, ni dai na ga suna rataya shi a ƙofa. Ki zo in raka ki, kada ki je ki yi musu faɗa."

Haka na fara. Ba murhu ba itace, sai babbar tukunya a kan gas, in tafasa, in ɗauko ta da tsumma zuwa banɗakin da bai fi akurkin kaji ba. Safe da yamma. In tsoma ganyen in fyaɗa mata a baya da kafaɗu da ƙafafu, ina kauce wa ɗinkin, don likita ta ja mini kunne ta bakin Hajiya Binta. In dama kunun kanwa in tsaya a kanta sai ta shanye. Ba ta ce da zafi, ba ta ce sannu. Wata rana da azahar na fito daga shanya na same ta a baranda, ta dafa ƙarfen da hannu biyu tana kallon ƙasa, motoci can kamar ƙwaro, jaririya tana tsala kuka a ciki ba ta ko waiwaya. Na lallaɓa ta bayanta. Na kama bakin zaninta na jawo ta ciki, na kulle ƙofar barandar, na ƙulle makullin a haɓar zanina. Tun daga ranar ko bayi zan shiga a buɗe nake barin ƙofa.

A makon ne komai ya haɗu. Ke Hannatu kika kira kika ce ƙafar Baba ta ƙi, an kwantar da shi a asibiti. Washegari yayanku ya ce in sauko mu sha shayi. Muka zauna a wurin mamak, fanka tana juyawa a kanmu, ya sa aka kawo mini shayi mai kumfa, bai taɓa nasa ba.

"Mama, I'm done. Auren nan ya ƙare. Na sami aiki a wata ƙasa, kuma akwai wadda ke jirana a can. Rifkatu ta sani, tun tana asibiti na gaya mata."

Sai a lokacin na gane abin da take kallo a ƙasan baranda.

"Na saya miki tikiti," ya ce. "Ran Asabar zan kai ki airport, ki je ki ga Baba. Ni ma washegari zan wuce."

"Wa zai ɗora mata ruwa?"

"Haba Mama, nobody does that here. Akwai shower."

"Ba ruwan nake tambaya ba, kai ma ka sani."

"Mijinki na kwance a asibiti. Ita fa mece ce taki? Ko jini ba ku haɗa ba."

"A gaban mutane na ce 'yata ce."

Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Idonsa ya kaɗa.

"Ita kin ce 'yarki ce, ranar farko, a gaban kowa. Ni fa? Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Kai, wannan, yaron nan. Ki faɗa yanzu in ji, Mama. Just once."

Na buɗe baki. Allah shi ne shaida na buɗe. Amma kunyar da na ɗauka tun ina amarya ta zauna mini a kan harshe kamar dutsen niƙa, ga kuma fushi a bayanta, don na ga so yake in sa masa hannu a kan abin da ya yi. Abin da ya fito shi ne:

"Ba a teburin mai shayi zan fara ba, kuma ba ranar da ka zubar da matarka ba."

Ya tashi ya bar ni da kofuna biyu.

Da yamma na kira gida. Hannatu, ke kika sa wa ubanku wayar a kunne, sa'an nan ya ce ki fita ki ja ƙofa, don haka abin da zan faɗa yanzu ba ki ji shi ba. Na gaya masa komai, har makullin da ke haɓar zanina. Na ce ina zuwa ran Asabar. Sai ya tambaye ni:

"Ranar da aka kawo ta, me kika ce?"

"Kada ka fara mini wa'azi, Malam. Kai ma na yi maka alkawari, a gaban bagade, tun ba a haifi yarinyar nan ba."

"Kin yi, kin kuma cika, har da ƙari da faɗa. Ni ina da Hannatu, ina da Yakubu, matan zumunta sun hana ni barci da waƙa. Ita tana da wa?"

"In na zauna ka mutu fa?"

"To na mutu. Ba ke ke riƙe da raina ba, Saratu, ko da yake kin daɗe kina zaton haka."

"Ka ce in zauna, ko ka ce in taho. Ka faɗi ɗaya."

"Ba zan faɗa ba. Ina son ganinki, wannan ba ɓoyayye ba ne. In kin taho ba mai zarginki, har ni. Ƙofa a buɗe take."

Sa'an nan ya yi ƙoƙarin faɗin kalmar nan tasa, amma maƙogwaron ya bushe, tari ya sarƙe shi a tsakiya.

"Sha ruwa," na ce.

Na ji yana dariya cikin tarin. Mun sake magana bayan wannan, amma ya riga ya fara nisa, sai e da a'a. Wannan ce hirarmu ta ƙarshe da ya kasance shi ne sosai.

Ku lura da kyau, kada ku ce ubanku ne ya sa ni. Bai sa ni ba. Ni na zaɓa, idona biyu, na san abin da nake sakawa a kan faifai. Ran Asabar na tashi na ɗora ruwa kamar kullum. Yayanku ya tsaya a bakin kicin da tikitin a hannu, ya dube ni, ya dubi tukunyar, ya koma ɗaki. Washegari ya fito da akwatinsa. Ya daɗe a tsaye a kan gadon jaririyar, ya sa yatsa a tafin hannunta ta damƙe, sai da ya zare a hankali. Ya ce, "Mama, na tafi." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ban kira shi ba, bai juyo ba.

Ba mu kai arba'in ba ubanku ya cika. A wayar Hajiya Binta na ga jana'izar, don tata ta fi girma. Ku da safe kuka yi, mu nan la'asar ce, ruwan sama irin na garin nan yana dukan taga kamar za a tsaga ta. Yakubu, kai ka riƙe wayar a can, ban ga komai ba sai ƙafafun mutane da jar ƙasa, hoton ya tsaya ya tafi, ya tsaya ya tafi. Na ji matan zumunta sun ɗauki waƙa, sai layin ya ɗauke gaba ɗaya. Lokacin da ya dawo an riga an rufe. Hajiya Binta ta zauna a ƙasa kusa da ni, Musulma ce ni Kirista, ta riƙe ƙafata tana cewa Allah ya ba da haƙuri, Mama, Allah ya ba da haƙuri. Ta tara matan Hausawan benen suka yi ta kawo abinci suna zaman makoki kamar a gida. Ban yi kuka ba. Kun san ni.

Washegari da safe na kasa tashi. Jikina ya ƙi, kamar an zuba mini yashi a ƙashi. Ina kwance ina kallon silin sai na ji ƙarar murfin tukunya a kicin. Na lalubi haɓar zanina, makullin yana nan. Can sai ga Rifkatu a bakin ƙofa, ta ɗaura zani a ƙirji, ganyen darbejiya a hannunta.

"Mama, ruwa ya yi."

Tun da na sauka a ƙasar nan ban ji ta haɗa magana guda cikakkiya ba sai ranar.

"Ke da ɗinki kika ɗaga tukunyar nan? Hauka kike?"

"Ban ɗaga ba. Da kofi na riƙa kwasa. Ki taso kada ya huce."

"Ni ba jego nake ba."

"Na sani, Mama. Ki taso."

Kun san suruka ba ta ganin jikin uwar miji. Na tsaya a ƙofar banɗakin nan ina riƙe da zanina, ita tana jira, tururi yana tashi a tsakaninmu. Sai na kwance. Ta tsoma ganyen ta fyaɗa mini a baya, yadda nake yi mata, kafaɗa, baya, ƙafafu, ba ta tsallake ko'ina ba. Ashe duk kwanakin nan da na zaci gunki nake wankewa, tana lura. A nan na yi kukan ubanku, na dafa bango na yi shi da murya, ita kuma ba ta ce in yi shiru ba, ta ci gaba da aikinta har ruwan ya ƙare. Da muka fito jaririyar ta motsa, kafin in kai hannu uwarta ta riga ni.

Sauran kun sani. Ta gama karatunta, ta sami koyarwa, ta yi mini takardun zama. Na zo gida bayan shekara na ga kabarin, na ga yadda kuka gaishe ni a tsaye. Na dawo. Jikata Alheri, sunan da kakanta ya raɗa mata ta waya yana gadon asibiti, yanzu ta isa makaranta, in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in abinci ya sauka ta ce, "Kaka, makan lah," wato in zo in ci. Makullin baranda yana jikin ƙofarsa, har tukwanen barkono muka jera a wurin. Kada ku zaci daɗi ne ya riƙe ni a nan. Ina kewar tuwon dawa na gaske, ina kewar ƙamshin ƙasarmu ranar ruwan farko, nan kullum ruwa ake yi amma ba ya ƙamshin komai. Akwai wani tsoho ɗan Sin a benenmu da yakan yi kaki kafin ya fita daga lif. Har yau in ya yi sai na waiwaya, bakina ya riga ya shirya cewa sha ruwa. Na gwada faɗin kalmar ni kaɗai a kicin, ba ta fita yadda yake fitar da ita. Da na san zan nemi wannan kakin in rasa, da na bar shi ya yi ta yi.

Saura magana ɗaya. An ce na tsine wa yayanku. Ƙarya ne. Abin da ya yi mugun abu ne, na faɗa a gabansa, zan kuma faɗa a kan gadon mutuwata. Amma na daɗe ina juya bayanin ubanku a raina, na ga abin da ban gani ba ranar da yake gyaran keke. Ya ce sai ɗayan ya karya nasa. Ashe ba don wanda aka zalunta kaɗai aka yi kalmar ba, har da wanda ya karya. Abin da ya zaunar da ni wurin Rifkatu shi ne ya hana ni rufe wa yaron nan ƙofa, ita ma ta sani, na gaya mata, ta ce ɗanki ne, Mama. Tun ranar akwatin nan ban ji muryarsa ba. Hannatu, na san kina da lambarsa, kada ki yi mini musu. Ki ɗauki hoton wannan shafin ki tura masa. Ya roƙe ni abu ɗaya a teburin mai shayi, bakina ya ƙi. Bakin nan tsoho ne, an riga an horar da shi. Amma hannuna a makare ya yi makaranta, ba wanda ya koya masa kunya.

Iliya. Iliya ɗana na fari.

'Yarka tana da irin goshinka. Tukunyar tana nan a kan gas. Ka zo, in ka tsaya a gabana zan faɗa da baki.